Zan Sayo Allura

Litinin, da hantsi

Sun sallamo shi. Direba, mijina, ya dawo gida, ko in ce rabinsa ya dawo, don ɓarin dama sai dai a ɗaga a ajiye. Na sa an fito da gadon falo kusa da keken ɗinkina, in riƙa aiki ina ganinsa. Likita ya ce in riƙa rubuta abin da ya ci da abin da ya faɗa, shi ya sa na juya littafin awon kwastomomi ta baya na fara.

Abin da ya faɗa ba shi da wahalar rubutawa. Mijin nawa da ya ƙare rayuwarsa a kan sitiyarin babbar mota, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a cikin barci, yau kalma ɗaya ta rage masa. Allura. Da ita ya farfaɗo a asibiti, da ita ya shigo gida. Nas ɗin da za ta riƙa zuwa duba shi ta ce ciwo yake ji, allurar rage zafi yake roƙo. Ni ban yarda ba. Tun ina da ƙuruciyata nake tare da mutumin nan, na san gara zazzaɓi ya kayar da shi da a nuna masa sirinji.

Ɗanmu ya kira daga garin da yake aiki. Injiniya muke ce masa tun yana kwance mana fitila da rediyo ya kasa mayarwa, ga shi sunan ya bi shi. Ya tambaye ni ko zan iya ni kaɗai. Na ce masa shi wa ya goya shi? Ya ce ba haka yake nufi ba.

Talata, da yamma

Ya sha shayi rabin kofi. Allura, allura, allura.

Alhamis, da rana

Nas ta yi masa allurar. Ya runtse ido, hawaye ya gangaro, tana zare sirinji ya sake cewa allura. Ta ce ka ji ka, Baba, ai an yi. Sai ta ja ni gefe ta ce wani lokaci kalma ce kawai take maƙale musu a baki, ba ta nufin komai, kamar tari. Na raka ta ƙofa ban ce mata ta gaida gida ba.

Da ta tafi na ce ko tawa yake nufi. Na ɗauko gwangwanin alluraina na zazzage a faranti, ta keke, ta hannu, har basilla, na kai masa gaban ido. Ya yi mini irin kallon da yake yi wa wanda ya sha gabansa a titi ba sigina. Ya sa hannun hagu ya ture farantin, suka watse a ƙasa.

Tsince su ya ɗauke ni lokaci. Falon nan ba shi da haske sosai.

Asabar, da la'asar

Na gane. Wallahi na gane, kuma haushin kaina nake ji da ban gane tun a asibiti ba.

Na hau kujera neman tsohon zanin gado a saman kabad, sai hannuna ya taɓa kwali. Faifan garmahonsa ne, waɗanda yake sayowa a tafiye-tafiyensa kafin mu yi aure da bayan mun yi. Muna da garmaho a ɗakinmu na fari, na katako mai aiki da wuta, shi ne kaɗai abin nunawa a ɗakin. Lokacin da Injiniya yake koyon tafiya ya dafa tebur ya cafki hannun garmahon ya karya allurar. Direba ya ce ba komai, zan sayo allura a tafiya ta gaba. Tafiya ta gaba ta zo ta wuce, ta bayanta ma ta wuce. Har maganar ta zama abin tsokana a gidan nan. In na ce rufi yana yoyo, sai ya ce zan sayo allura. In na ce wa yaro ya je ya yi wanka, sai ya ruga yana cewa zan sayo allura. Garmahon kansa mai gwangwan na ba a wani tashi da muka yi, tsokanar ma ta mutu da yaron ya girma, ni kuma na manta.

Akwai wani ƙaramin faifai a ciki da takardar tsakiyarsa ta goge. Wata mata ce take waƙa da yaren da ni da shi ba mu ji. Shi ne yake fassara mini da ƙarya, wai cewa take motar mijinta ta lalace a daji ga abinci ya huce. Na sa masa faifan a hannun hagu. Ya riƙe shi ta gefe da yatsu, yadda yake hana ni taɓa tsakiyar tun fil azal. Ya ce allura, a hankali, ba irin ta kwanakin nan ba.

Na shiga kicin na yi kukana na wanke fuska. Kamar tari, in ji Nas!

Litinin, da yamma

Na bar shi wurin maƙwabciyata na shiga layin 'yan gwanjo, inda ake jibge firji da fanka da tsofaffin talabijin masu ƙeya. Ban san komai a kan garmaho ba. Lokacin da muke da shi nawa sauraro ne da goge ƙura, Direba ba ya bari in sa hannu.

Wani mai baƙin gilashi ya fito mini da guda uku, kowanne wai ɗan asali ne, Mama, ba a ƙera irinsa yanzu. Na farko na leƙa bakin hannun, rami ne kawai ba allura. Ya ce allura ai ƙaramin abu ce, ko'ina zan samu. Dariya ta kubce mini a tsakiyar kasuwa, na ce yaro, wanda ya fi ka baki ya faɗa mini haka tun kafin a haife ka. Na biyun farantinsa yana juyawa yana ɗingishi kamar tayar da ta lanƙwashe. Na ukun ya ƙi jona shi, wai soket ɗinsa ya ƙone, in tafi da shi kawai zan gode masa. Na ce tela ba ta sayen keke ba ta taka ba.

Ina fita wata mai sayar da ruwa ta ce in daina wahala, in je bayan gidan mai, akwai wani tsoho mai gyaran rediyo, duk wanda ya sayi abu a layin nan can yake ƙarewa. Rana ta yi sanyi, ga Direba a hannun mutane. Na dawo hannu rabbana.

Laraba, da sassafe

Ba zan rubuta abin da ya faru a banɗaki ba.

Laraba, da azahar

An ɗinke goshin Direba. Likita ya ce an yi sa'a bai bugi bakin baho ba. Ƙasan ne yake da santsi, kowa ya san tayil ɗin nan da santsi.

Juma'a, da yamma

Injiniya ya iso, ko sanarwa babu. Maƙwabciya ce ta kira shi, ta amsa da bakinta da na tsare ta. Ya durƙusa gaban gadon ya daɗe yana kallon filastar goshin ubansa, sannan ya kalli gwiwar hannuna da na rufe da gyale.

Bai yi maganar ba sai da muka ci abinci. Wai akwai gidan jinya a can bakin gari, masu ɗaga mutum da kwantar da shi dare da rana, da masu gasa ƙashi. Wai ya riga ya je ya gani, za a sami gado ƙarshen wata. Na ce masa ubansa ba kujera ba ne da za a kai ajiya. Ya ce Nas ta gaya masa Baba ba ya gane inda yake sosai. Na ce Nas ta san shi kwana nawa? Na ba shi labarin kwalin faifai da zan sayo allura, ina jira ya yi dariya. Murmushi ya yi irin na lallashin mara lafiya, ya ce Allah sarki Umma.

To shi ke nan. Zan samo garmahon nan, zai ga ubansa da idonsa, sannan mu ga wanda zai ɗaga waya ya kira motar wurin nan.

Asabar, da rana

Na sami Mai Gyara. Shagonsa tsukuku ne, mutum biyu ba sa gilmawa, sai warin dalma da ƙura. Tsoho ne mai tabarau da aka ɗaure da zare, baƙin zare a kan farin firam, har hannuna ya yi mini ƙaiƙayi in canza masa.

Bai nuna mini komai ba sai da ya yi mini tambayoyi kamar likita. Faifan manya ne ko ƙanana? Ina da lasifika a gida? Wa zai riƙa kunnawa? Na ce ni dai wanda yake waƙa nake so. Ya ce duk suna waƙa a shago, a gida ne halinsu yake fitowa.

Ya ɗaga farantin wani ya nuna mini wata siririyar roba a ƙasa, ya ce ita ce fanbel ɗinsa, in ta saki waƙa za ta riƙa tangaɗi, amma canza ta ba wuya. Ya ce in riƙa sa ido a gefen faranti yana juyawa, in yana hawa yana sauka in bar shi ko kyauta ne. Allura kuwa, in ta cinye ita ma cin faifan take yi, kuma kada in yarda in ɗauki wanda aka daina samun irin allurarsa, don ya zama akwatin ajiye kaya. Tunda ba ni da lasifika, in nemi mai tasa a jiki, in ba haka ba zan cika falo da wayoyi. Duk wannan na fahimta, ba shi da nisa da keken ɗinki.

Guda biyu ya ce zai iya tsaya musu. Ɗaya na katako, mai nauyi, murfinsa ba tsaga. Gabana ya faɗi da na gan shi, kamar namu na da aka wanke aka dawo da shi. Shi da yatsa ake ɗaga hannun a sauke allurar a bakin faifai. Ɗayan na roba ne, ruwan toka, kusurwa ɗaya a ɓantare, ba kyan gani ko kaɗan. Wannan madanni ɗaya za ka taɓa, hannun ya tashi da kansa ya je ya sauka, in waƙa ta ƙare ya koma mazauninsa.

Ya ce in gwada sauke hannun na katakon ya gani. Na ce ban zo da tabarauna ba. Ya dubi hannuna a kan igiyar jaka, ya ɗan jima.

"Baiwar Allah, na robar nan ya fi sauƙin sha'ani."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce masa da allura na ci na sha na ilmantar da ɗa, ba wanda zai koya mini sauke ta yau. Ya ce Allah ya huci zuciyata, in tafi da na katakon in gwada, in bai yi ba in dawo a canza. Ya ci gaba da wani bayani a kan wani ɗan makunni da lambobi a gefe, ni kuwa na riga na toshe kunne. Na sa aka ɗora mini shi a mota.

Lahadi, da hantsi

Injiniya ya fita sayen magani, na ce bari in koya kafin ya dawo. Na ɗauki wani babban faifai da ba mu damu da shi ba. Farantin ya juya lafiya lau. Na ɗaga hannun da yatsa. Ba shi da nauyin komai, wannan ne ma abin, da yana da nauyi da ya fi.

Ƙiii! Allurar ta faɗa ta ja layi tun daga baki har tsakiya. Direba ya runtse ido. Na juya ɗaya gefen na sake, na tallafe wuyan hannuna da ɗayan hannun. Haka ta sake yi.

Na rufe shi da ƙyalle. Teburin ne yake rawa, ƙafarsa ɗaya ta gajarta tun tuni.

Lahadi, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Na ce wa Injiniya ya zo ya biya bashin allurar da ya karya, ya sa mana ƙaramin faifan. Muka jawo teburin jikin gadon ta hagu. Ya sauke allurar tsaf, ya ja baya.

Abin da ya fito ba muryar matar nan ba ce. Wata murya ce mai kauri, tana jan kalma da ƙyar, harshe ya yi nauyi, kowane sauti sai an yi naƙudarsa. Muryar Direba ce ta yanzu, sak. Tsigar jikina ta tashi. Na ce shi ke nan, ko faifan ya mutu a kwali ko tsohon nan ya cuce ni. Injiniya ya miƙa hannu zai kashe.

Sai hannun hagun Direba ya riga shi. Ya taso daga kan bargo, ya laluba gefen katakon, ya sami ɗan makunnin nan da ban saurari bayaninsa ba, ya tura shi da babban yatsa daga talatin da uku zuwa arba'in da biyar. Yadda yake canza giya, ba tare da ya duba ba. Farantin ya ƙara gudu, matar ta miƙe tsaye a cikin waƙarta, motar mijinta ta lalace a daji ga abinci ya huce. Ashe ƙananan faifai gudunsu daban. Gefen bakinsa mai aiki ya ɗaga.

Ban bari waƙar ta ƙare ba, ni da bakina.

"Ka gani? Wannan ne ba ya gane inda yake? Wannan za ka kai a ajiye? Yana nan, komai nasa yana nan."

Idon yaron ya yi ja. Ya ce, "Umma, na gani. Ko da bai taɓa ba, ba don shi nake maganar ba."

Ya je kan kekena ya ɗauko allura da zare ya miƙo mini.

"Zura mini wannan."

Na karɓa. Na lashi bakin zaren. Matar tana ta waƙa, su biyun suna kallona.

Na ce ya fita mini daga falo.

Litinin, da safe

Maƙwabciya ta gaya wa Injiniya har da wannan. Cewa kullum da safe ita take zura mini allurai ta jera su a jikin matashi, tun kafin Direba ya kwanta. Na ba ta amana ta kai kasuwa. Yau ta yi sallama na ƙi amsawa, ta ajiye matashin a bakin ƙofa, allurai a jere, kowace da zarenta.

Talata, da rana

Ba na magana da Injiniya. Yana kicin yana wanke kwanukan da na riga na wanke.

Laraba, da yamma

Wata kwastoma ta dawo da riga, wai kalmasar wuyan ta karkace. Shekaru nake mata ɗinki. Na duba, ta karkace.

Alhamis, da hantsi

Injiniya ya fita, Direba ya nuna alamar yana son banɗaki. Na zo na sa kafaɗa yadda na saba. Ya ƙi tashi. Ya kama ƙarfen gadon da hagu ya riƙe gam. Na lallaɓa, na yi faɗa, na ce so yake ya ɓata shimfiɗa ya ba su hujja? Ya kawar da kai ya jira har ɗansa ya dawo, ya fi ƙarfin a ce ɗan lokaci, gumi yana karyo masa.

Bayan an dawo da shi na zauna a bakin gadon ina huci. Sai ya saki ƙarfen ya kamo hannuna na dama ya ɗora a kan ƙirjinsa ya danne. Yana rawa a ƙarƙashin nasa, ni ina ji shi ma yana ji. Ya ja gyalen ya buɗe gwiwar hannun, inda ya yi baƙi tun ranar Laraban nan. Ya daɗe yana kallo.

Ni duk a zatona tsoro yake ji kada in sake kayar da shi. Ashe ni yake ji wa.

Juma'a, da sassafe

Tsoro nake ji. Na rubuta, ga shi nan.

Asabar, da yamma

Na bi Injiniya na ga wurin. Ba zan ce yana da kyau ba. Warin maganin wanke ƙasa, doguwar baranda, tsofaffi a jere a kujerun guragu suna kallon bishiya ɗaya. Amma akwai ƙarafa a bangon banɗaki, ma'aikatan kuma ƙarfafa ne, mutum biyu suke ɗaga mutum ɗaya. Matar da ta zagaya da mu tana ta bayanin abinci da lokacin ziyara, ni kuwa bango nake dubawa. Na tambaye ta ko akwai soket kusa da gadon, kuma ta wane gefe. Ta ce ta dama. Na ce a juya gadon ko a ba shi wani. Ta kalli Injiniya, ya ce a yi yadda Umma ta ce.

Muka shiga mota. Da muka kusa gida na ce gobe ya sauko mini da na katakon daga tebur.

Litinin, da rana

Na mayar. Na shirya baƙar magana a hanya ko da zai ce ai na faɗa miki, amma Mai Gyara bai ce ba. Ya karɓi na katakon ya goge shi ya mayar kanta. Ban kalli wajen ba.

Wannan karon ni na yi tambayoyin. Na ce ya buɗe na robar in ga fanbel, ya ce sabuwa ya sa. Na tsuguna na sa ido a gefen farantin, ba ya hawa ba ya sauka. Na ce madannin yana da tauri? Mutum mai hannu ɗaya, na hagu, a kwance, zai iya? Ya ɗora shi a benci ya sa na gwada da ɗan yatsana na hagu. Ya danna. Hannun ya tashi, ya tafi, ya tsaya, ya sauka a hankali a bakin faifan. Ko ɗan girgiza bai yi ba. Na ji haushin hannun roba, wallahi, na ji kishinsa.

Ya ce ko ya manne makunnin gudun a wuri ɗaya don kada mara lafiya ya ruɗe? Na ce ya bar masa giyarsa.

Har na kai ƙofa na dawo. Na ce irin allurar wannan ana samu? Ya jawo wata durowa ya fito da ita a ɗan akwatin roba da bai kai akwatin ashana ba. Na ce ya ba ni. Sannan na ce ya cire tabaraunsa maƙwabciyata ta ɗaure masa da farin zare, baƙin nan yana ci mini rai. Ya yi dariya ya ce ya saba da shi haka.

Laraba, da la'asar

Direba ya iya. Sau ɗaya aka nuna masa. Yana danna madanni, waƙa ta ƙare, hannun ya koma, ya sake dannawa. Nas ta zo ta tarar da shi, ta tsaya da jakarta a hannu, ba ta ce komai a kan tari ba.

Ba ya buƙatata wurin kunnawa. Abin da na je na zaɓo ke nan, da ƙafata.

Alhamis, da yamma

Na ninke kayansa. Maƙwabciya ta ɗinka alama a wuyan kowace riga don kada su ɓata a wanki. Na zauna kusa da ita ina miƙa mata.

Juma'a, da yamma

Mun kai shi.

An juya gadon. Injiniya ya ɗora garmahon a kan ƙaramin kabad ta hagu, ya jona, ya jera faifan inda hannu zai kai. Wata ma'aikaciya ta zo ta yi masa allurar ranar, ya runtse ido kamar kullum. Da ta fita na ciro ɗan akwatin na sa masa a aljihun gaban riga na danne.

"Ga ta nan, Direba. Na sayo allura. Kai da ka yi alkawari ka kasa."

Gefen bakin ya ɗaga. Ya danna madannin, matar ta fara. Injiniya ya ce zai jira ni a mota, ya fita da sauri, na san dalili.

Na gyara bargo da ba ya buƙatar gyara. Na cika kofi da ruwa. Na ce zan zo ranar ziyara, zan zo kowace ranar ziyara. Na ɗauki jakata na kai ƙofa.

Ya ce, "Allura."

Na tsaya. Na duba garmahon, allura tana kan faifai tana tafiya. Wata tana aljihunsa. Ta asibiti an riga an yi. Ba sauran wata allura a duniya da ban kawo masa ba. Idonsa ba ya kan garmahon, ba ya kan aljihu. Makonnin nan duka, duk sanda ya faɗa sai in zabura in tafi nema, faranti, kabad, kasuwa, shago. Mutumin da kalma ɗaya ta rage masa, da me zai kira matarsa?

Na ce, "Na'am."

Ya lumshe ido. Na tsaya a ƙofar har waƙar ta ƙare hannun ya koma mazauninsa, sannan na tafi.

Asabar, da sassafe

An mayar da gadon ɗaki, falo ya yi faɗi. Na kama kaina ina amsawa, ba wanda ya kira.